“Da Sauƙi” a Kan Gadar Ƙanƙara

Dengfeng, kafin asuba

Gari bai waye ba muka bar Dengfeng, unguwarmu a birnin Guangzhou na ƙasar Chana, ni da Malam Illa, a cikin motar aro, kuma tun kafin mu fita daga layinmu raina a ɓace yake. 'Yan uwana na kasuwar Kwari da kuka dame ni da waya kuna tambayar abin da ya faru, ga shi na rubuta muku gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni in huta.

Abin da ya fitar da ni shi ne 'yata ta fari. Ba zan kama sunanta ba, kun san halinmu. Tana karatun likita a Hengyang, wani gari arewa da Guangzhou, tafiyar kilomita ɗari biyar da ɗoriya, kuma mai sikila ce. Duk wadda ta yi renon mai sikila ta san sanyi ne abokin gabarsu, da ya shiga ƙashi ciwo ya tashi. To a makon aka yi wani irin sanyi a can, ruwan sama yana sauka yana daskarewa a kan duk abin da ya taɓa. Ɗakin kwanansu babu abin ɗumamawa na kirki, ga shi an yi hutun sabuwar shekarar 'yan Chana, kowa ya watse.

Kullum sai na kira ta. “Ya jikin?” “Da sauƙi, Umma.” Gobe ma haka, jibi ma haka. Sai da Ramatu, abokiyar ɗakinta 'yar zangon Kumasi, ta saci jiki ta kira ni. “Mama, yarinyanki bai da lafiya. Ya kwana asibiti, an sa shi ruwa, an sallame shi, amma bai iya tashi. Ya ce kar in faɗa.” Hausarsu ba ta raba mace da namiji, amma na gane da wa take.

Wai don Allah wa ya ɗora mana wannan kalma ne? Mutum yana murƙususu, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na san ladabi ne, na san godiya ce ga Allah, amma ladabin da zai kashe min 'ya a ƙasar da ko dangi ba mu da shi, ba na so. Na kira babanta a Kano, ya ce, “Ai jiya na yi magana da ita, ta ce da sauƙi.” Na kashe wayar tun kafin bakina ya ja min abin da za a tara min manya.

Jirgin ƙasa na fara nema. Duk inda na taɓa, meyo, wato babu. Lokacin hutunsu ne, ƙasar gaba ɗaya tana kan hanya, wasu jiragen ma an dakatar saboda ƙanƙara. Sai na tafi kasuwar Shahe wurin Madam Ho, lawban ɗina, wato uwar ɗakin da nake sarin dogayen riguna a shagonta shekara da shekaru. Na gaya mata, rabi da baki rabi da wayar da ke mana fassara. Nan take ta ɗauko makulli ta ja ni ƙarƙashin kasuwa inda suke ajiye motoci. Wata baƙar jif ce mai tsayi, sai da na riƙe ƙofa na tattare zani kafin na hau. Ta bi maɓallan da yatsa: wannan yana ɗumama kujera, wannan yana narkar da ƙanƙarar gilashi, wannan abin murɗawa kuma in kin ga hanya ta yi fari ki kai shi kan hoton ƙanƙara. Da ta zo kan wani ƙaramin maɓalli kusa da giya, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a bayanta kamar sawun maciji, sai ta kaɗa min yatsa a fuska. Wayar ta ce: kada a taɓa.

Ni ba ni da lasin ƙasar, don haka na nemi Malam Illa, mutumin Agadas mai harkar tura kaya a kwantena, da ke zaune a benen ƙasa da nawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ina faɗa ya ce mu tafi, bai nemi komai ba. Sai dai Allah Ya yi shi da baki. Ya zagaya motar yana bubbuga taya da ƙafa. “Hajiya, katkat ce wannan,” haka suke kiran jif mai ja da ƙafa huɗu. “Ni ko ƙuruciyata duk a katkat ta ƙare, daga Agadas zuwa Dirku. Wanda ya ci rairai, mi ƙanƙara za ta yi mai?”

Yana tayar da mota na ga ya kai yatsa kan maɓallin nan mai sawun maciji, ya danna ya riƙe, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa.

“Malam Illa, mai motar ta ce kada a taɓa wannan.”

“Ta taɓa shiga daji? Abin nan shi ke riƙe ƙahwar mota, ka ba ta wuta ta ƙi tahiya. A rairai in ba ka kashe shi ba, nan za ka kwana. Da sauƙi, Hajiya, bar mani.”

Na ƙyale shi, don titin a bushe yake, hankalina kuma yana Hengyang.

Zuwa Shaoguan

Mun yi asuba a wani wurin hutawar matafiya bayan mun wuce Qingyuan. Na shimfiɗa sallaya a gefen mota, mutane suna wucewa suna leƙe na, ban kula kowa ba. Muka sha shayi daga fulas da dafaffen ƙwai. Dambun naman da na taho da shi kuwa na 'yata ne, na ga Malam Illa yana kallon robar, na tura ta ƙarƙashin kujera.

Sanyin Guangzhou sanyi ne na mayafi, ka yafa ka fita. Muna ƙara yin arewa sai ya canza hali. Wajen hantsi muka iso Shaoguan, ana yayyafi, na leƙa hannu waje na dawo da shi da sauri. Nan na danna maɓallin kujera. Jama'a, ban san ana yin haka ba. Ɗumi ya taso daga ƙarƙashina ya bi bayana har wuya, ciwon ƙuguna na ɗaukar dila ya lafa. Daɗin bai je ko'ina ba, don na tuna a daidai lokacin yarinyar nan tana kwance a kan gadon ƙarfe. Na kira ta.

“Ya jikin?”

“Da sauƙi, Umma.”

Muryarta ko fita ba ta yi. Na ce, “Ina hanya, kuma in kika ƙara ce min da sauƙi, sai na saɓa miki.” Malam Illa ya ce, “Ai alhamdu lillahi tunda da sauƙi.” Na juya na kalle shi, bai ƙara ba.

A gaba kaɗan 'yan sanda sun tare hanya suna duba motoci. Suka karɓi fasfo ɗinmu da lasinsa, suka ɗauki hoto, suka dawo mana da su. Ɗaya ya nuna duwatsun gabanmu yana daddanna tafin hannu ƙasa, yana cewa, “Man, man,” wato a hankali. Malam Illa ya san ma'anarsa sarai, amma muna wucewa ya ce, “Ji shi, wai man. Tanki cike yake, mon ami.” Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Kan duwatsu, bayan Lechang

Daga Lechang hanya ta fara hawa. Hazo ya rufe ko'ina, bishiyoyi suka koma farare, kowane ganye da rigar gilashi a jikinsa. Aka tsayar da mu a layi mai tsawo, har azahar ta yi ba mu motsa ba. Na ga mutane a ƙananan motoci sun ƙudundune cikin bargo, mu kuwa muna zaune cikin ɗumi kamar a ɗaki, gilashinmu fes. Sai motocin zuba gishiri suka wuce, motar 'yan sanda ta shige gaba, aka ce mu bi ta a jere, kada wanda ya wuce wani.

A nan na fara ganin amfanin motar Madam Ho. Wata 'yar ƙaramar mota a gabanmu ta zo tashi a kan hawa, tayoyin gaba suna ta juyawa a wuri ɗaya, sai da mutane suka fito suka tura. Tamu ta ɗaga kawai ta tafi, ƙafa huɗu suna ja tare. Inda ƙanƙarar da aka ture ta taru a tsakiyar hanya, ƙananan motoci suna gogar ciki, mu muka haye ba mu ji komai ba. Na murɗa abin nan zuwa hoton ƙanƙara kamar yadda aka nuna min, Malam Illa ya mayar da shi. Wai yana sa mota ta yi nauyi.

“Kin gani, Hajiya? Hannu ne, ba maɓalli ba.”

Hannun banza. Gishiri ne da tafiyar hawainiya a bayan 'yan sanda suka rufa mana asiri, amma a lokacin ban da hujjar da zan kama shi da ita, sai na haɗiye.

Chenzhou

Niyyata mu kwana a Hengyang. Da magariba muka iso Chenzhou, aka ce hanyar gaba a rufe take sai da safe. Na yi magiya, na nuna hoton 'yata a waya, jami'in ya girgiza kai yana ba ni haƙuri. Tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba ce ta rage tsakanina da ita, aka ce in je in kwanta.

Otal na farko suka kalli fasfo suka ce meyo. Na biyu ma meyo, alhali ina ganin makullai a rataye. Na uku suka karɓe mu, ɗaki biyu, mai ƙamshin taba. Muka samu shagon Musulmin ƙasar mai koren allo, aka ja mana taliya da hannu aka zuba romon naman sa. Malam Illa ya shanye kwano biyu yana ba ni labarin yadda ya taɓa fitar da mota daga rairai da bargo da tabarma. Ni ko rabin kwano ban ci ba.

Da safe muka tarar da motar ta daskare, gilashin gaba kamar an shafe shi da farin siminti. Ya ce in jira, ya koma ciki. Na shiga na tayar da ita, na danna maɓallin gilashi. Kafin ya dawo ƙanƙarar ta fara zamewa da kanta, har madubin gefe ya narke yana ɗiga. Sai ga shi da butar alwala tana tururi.

“Ina za ka da wannan?”

“Gilashi zan wanke.”

“Tafasasshen ruwa a kan daskararren gilashin motar mutane? Ko kofin gilashi ka zuba wa haka ai ya tsage! Mayar da ita.”

Ya mayar yana gunaguni. Ya shigo, ya gyara zama, ya kai yatsa ya danna maɓallinsa. Ashe duk sanda aka kashe mota abin yana komawa daidai da kansa, shi kuma duk sanda ya tayar sai ya sake kashe shi, kamar wanda aka ɗora wa farilla.

Hengyang

Ramatu ce ta tare mu a ƙofar makaranta, ta hau da ni bene. Ɗakin ya fi waje sanyi. Yarinyar nan tana kwance cikin bargo uku da rigar sanyin Ramatu, idanunta sun yi ruwan ɗorawa, leɓɓanta sun bushe, ta naɗe ƙafafu tana cije haƙori. Ta gan ni, ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ni. Wai ta gaishe ni!

“Kwanta. Wannan ne sauƙin?”

“Umma, ban so hankalinki ya tashi ba ne, ga kaya ba ki gama haɗawa ba.”

“Kaya? Kayan su ci wuta! Ke kike karatun likita, ke za ki gaya min abin da ciwon nan yake yi in an ƙyale shi. Ki saurare ni da kyau. Daga yau na soke da sauƙi tsakanina da ke. In na tambaye ki, ki gaya min ina ne, kuma yaya yake yi. Kin ji ko ba ki ji ba?”

“Na ji.”

“To ya jikin?”

Ta juya ta kalli bango. Sannan ta ce, “Ƙafata ta hagu da bayana. Kamar ana sara da gatari.” Na juya baya na shiga ninke mata kaya, don kada ta ga fuskata.

Mun biya asibitin da ta kwana. Likitar ta duba ta, ta ƙara mata magani, ta ce za ta iya tafiya in za a riƙe ta da ɗumi, ta yi ta shan ruwa, kuma muna isa Guangzhou mu wuce asibiti kai tsaye. Malam Illa da Ramatu suka taimaka aka sa ta a kujerar gaba. Na kwantar da kujerar, na kunna ɗumin har ƙarshe, na lulluɓe ta, ni na koma baya. Ba mu yi nisa ba na ga kafaɗunta sun sauka, ta daina cije baki. Ta ce, “Umma, kamar tsumman zafin da kike gasa min baya da shi a gida.” Ta ci dambu kaɗan, barci ya ɗauke ta. Dama kafin mu taso Ramatu ta gaya min rabonta da barci tun kafin a kai ta asibiti.

Gadar

Bayan azahar muka sake wuce Chenzhou, muka kama duwatsu. Wannan karon hanya a buɗe take, babu motar 'yan sanda a gaba, babu layi. Titin baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar an wanke shi. Malam Illa ya ce, “Kin ga an share. Da sauƙi yanzu.” Ya ƙara wuta.

Muka fito daga wani dogon rami da aka fasa cikin dutse, muka hau gada. Ashe ƙyallin nan ba ruwa ba ne. Ban ji ƙara ba, ban ji an bugi komai ba, kawai sai na ga bayan motar, inda nake zaune, yana tafiya gefe shi kaɗai. Malam Illa ya yi abin da ya saba a rairai, ya taka totur. Motar ta juya gaba ɗaya. Na ga ƙarfen gada, na ga hazon da ke ƙasa inda babu komai, na ga ƙarfe kuma. Na miƙa hannu na cafko kafaɗarta, bakina ya buɗe da abin da tunda na haife ta bai taɓa faɗa ba. Zan rubuta shi sau ɗaya, kada wadda ta ƙara tambayata.

“Bilkisu!”

Motar ta tsaya a gefe tana kallon inda muka fito. Tsakanin ƙofar 'yata da ƙarfen gada, in ka sa jaka ba za ta shiga ba. Allah Ya sa babu mota a bayanmu. Jijjigar ta tayar mata da ciwon, tana numfashi sama-sama, hawaye na bin kuncinta. Fitilar nan ruwan ɗorawa tana nan a kunne tana kallona.

Ya lallaɓa ya juya motar, muka gangara zuwa wani fili da aka ware a gefen hanya. Nan na sauke masa kwandon masifar da na ɗauko tun daga Dengfeng.

“Kai Illa! Nan Agadas ne? Ka ga raƙumi? Rairai yana riƙe taya, wannan sakinta yake yi, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne! Mai abu ta ce kada a taɓa, ka taɓa. Na faɗa, ka ce da sauƙi. 'Yata ta ce da sauƙi tana mutuwa, ubanta ya ce da sauƙi yana Kano, kai ka ce da sauƙi za ka jefa mu rami. Wallahi na gaji da sauƙinku!”

“Hajiya, ƙaddara...”

“Kada ka sa ƙaddara a ciki. Yatsanka ne, ina kallo ka danna.”

Na ɗauki hoton fitilar na tura wa Madam Ho. Nan take saƙon murya ya shigo, tana ihu da yarensu, ba sai an fassara min ba. Na dai sa wayar ta fassara. Ta ce abin da aka kashe shi ne mai lura da kowace taya, in ɗaya ta fara zamewa ya kama ta ya rage wuta kafin direba ma ya ankara. Ta ce ja da ƙafa huɗu yana taimakon tashi ne, ba ya hana santsi, a tafi a hankali. Ta ce kuma in an taka birki aka ji yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, kada a ɗaga, aikinsa yake yi.

Na sa ya kashe motar ya sake tayarwa. Fitilar ta mutu. Na murɗa abin nan zuwa hoton ƙanƙara. Sannan na sauko daga kujera na durƙusa a tsakanin kujerun gaba, ni da gwiwoyin nan nawa da kuka sani, na kifa tafin hannuna a kan maɓallin, ɗaya hannun a kafaɗar 'yata.

“Ja mu tafi. In kana son maɓallin nan sai ka karya min yatsu.”

Muna tashi na ji wata 'yar murya daga cikin bargo. “Umma, ashe kin san sunana.”

“Rufe min baki. Ya jikin?”

“Babu sauƙi.”

“Madalla. Sha ruwa.”

Gangaren Lechang

Haka muka yi ta gangarowa kamar masu rakiyar amarya. Sau biyu na ji bayan motar ya ɗan motsa, sai fitilar ta yi ƙifta-ƙifta, wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashinmu, motar ta miƙe da kanta. Malam Illa bai ce hannu ne ba.

Ana gab da la'asar sakaliya muka sha wata kwana, sai ga babbar mota ta gitta a hanya, ta toshe layi ɗaya da rabi. Ya taka birki. Motar ta ɗauki kakkarwa, ƙarar tana shigowa har cikin gwiwoyina.

“Birki ya tsinke!” Na ga gwiwarsa tana ɗagowa, hannunsa yana laluben birkin hannu.

Na saki kafaɗar 'yata na danna gwiwarsa ƙasa da duk ƙarfina. Ni da ban taɓa ko musabaha da shi ba, Allah Ya yafe min. “Danne! Kada ka ɗaga! Danne, ka karkata!”

Ya danne. Motar tana rawa tana rage gudu, kuma abin mamaki sitiyari yana jin magana. Ya karkata ta bi ta ɗan filin da ya rage, muka wuce gefen babbar motar muka tsaya a gabanta. Ya kifa goshi a kan sitiyari yana salati. Da ya ɗago bai kalle ni ba, ya ce, “Hajiya, ɗauke hannunki daga maɓallin ki zauna. Ba ni ƙara taɓa shi.”

“Na ji,” na ce, kuma ban ɗauke ba sai da muka ga fitilun Shaoguan, titi ya bushe.

Gida

Bayan isha'i muka shigo Guangzhou, muka wuce wani asibiti a unguwar Tianhe. Suka riƙe ta kwana biyu. Ni ma sai da aka duba min gwiwa, don da na zo fitowa daga motar ƙafafuna sun ƙi miƙewa, Malam Illa yana tsaye yana riƙe da ƙofa ya rasa inda zai sa idonsa.

Ranar da aka sallame ta muka dawo Dengfeng. Mai shagon waya na ƙasanmu da matan gidan abinci suka fito suna mana barka. Na mayar wa Madam Ho motarta a wanke, na haɗa mata da turaren wuta, na ce shishe, wato na gode, har ban san iyaka ba. Ta zagaya motar, ta shiga ta nuna maɓallin nan, ta kalle ni. Na nuna mata tafin hannuna, inda gefen abin ya bar min shaida. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Ina gode wa Madam Ho, da Ramatu da ta karya alkawari ta kira ni, Allah Ya ba ta miji nagari. Malam Illa ma na gode masa, don ya bar harkarsa ya bi ni cikin sanyi, amma ban huce ba, kuma ya sani.

Da yamma ya hawo dubiya da ledar lemo. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar. Yarinyar nan tana zaune a kan kujera, ta tashi da kanta ta haɗa shayi, tana riƙe da kofin da hannu ɗaya.

Ya ce, “Ya jiki?”

Ta juyo ta kalle ni. “Umma, in faɗa?”

Na dubi idonta, na dubi ƙafar hagun da ta taka a ƙasa sosai, na dubi hannun da ba ya rawa. Na ce, “Faɗi.”

“Da sauƙi,” ta ce.

Na tashi na shiga kicin na kunna famfo, na daɗe a can ban wanke komai ba.